Sakatar Mak 4 ɗina ba tata ba ce: in canza mata kai kawai in fara harbi?

Bakano_a_Houston

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin bindigogi, musamman Lee-Enfield, wadda iyayenmu ke kira Mak 4.

A Houston nake zaune, jihar Texas. Sana'ata gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, harkar bindiga kuwa sha'awa ce kawai, ranar Asabar in na samu sarari sai in je filin harbi in huda takarda in dawo gida. Kwanaki a wata kasuwar baje kolin bindigogi na sayi No. 4 Mk I ƙirar Maltby ta Ingila, 1943 ne a jikinta, mai cin harsashi .303. An cike takardu, an binciki sunana yadda dokar nan ta ce, sannan aka miƙo mini. Katakonta ya sha duniya amma cikin bututun tas yake, zanen ciki bai cinye ba. Dalilin da ya sa na nace sai irinta, kakana na wajen uwa yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai yaƙin Bama, kuma hoton nasa ɗaya tilo da muke da shi da Lee-Enfield a kafaɗa aka ɗauke shi.

Ga matsalar. Lambar da ke jikin bindigar daban, wadda ke bayan hannun sakatar, wato ƙarfen da ake turawa ya kulle harsashi a ciki, daban. Wanda ya sayar mini bai ɓoye ba, ya ce haka ta zo masa, kuma ya rage mini kuɗi saboda haka. Kan sakatar, wato ɗan guntun gaba da ake murɗewa ya fita, an buga masa lamba 1.

Na sayi geji guda, wato ɗan ƙarfen awo da ake sakawa a mazaunin harsashi, don auna ratar da ke tsakanin fuskar sakata da inda leɓen gindin harsashi ke zama, wanda aka rubuta wa NO-GO, inci 0.067. Na saka shi, na tura sakata, ta rufe ruf ba ko gardama. Takardar da ta zo da gejin ta ce bai kamata ta rufe ba. Tun daga nan ban saka mata harsashi ko ɗaya ba, tana cikin akwatin ƙarfe a kulle.

Na ga ana sayar da kan sakata mai lamba 3 a intanet, kuma na karanta cewa da gangan Turawan suka yi su daga 0 zuwa 3 don a riƙa cike wannan ratar. To in na sayo mai lamba 3 na murɗa, shi ke nan magana ta ƙare? Ko akwai abin da ban gani ba? Wani abokin aikina Ba'amurke ma cewa ya yi in daina wahalar da kaina, wai waɗannan bindigogin ko a laka aka binne su za su tashi. Ni dai fuskata ce za ta kasance a bayan sakatar nan, ba tasa ba.

Sarkin_Baka_77

Wa alaikumus salam. Malam kana da tsoro wallahi. Ka samu tsohuwar taya, ka ɗaure bindigar a kai, ka ƙulla doguwar igiya a kunama, ka koma bayan bishiya ka ja. In ta tashi sau uku ba ta fashe ba, lafiyarta ƙalau. Ko kuma ka liƙa salatif a gindin harsashi falle-falle har sakatar ta ƙi rufuwa, sai ka ƙirga. Ba sai ka kashe dala a geji ba.

Tsohon_Amora_Kaduna

Salamu alaikum. Ɗana na Houston, ka yi daidai da ka kulle ta ka zo ka yi tambaya. Ni na yi aikin ɗakin makamai har na yi ritaya, kuma lokacin da na shiga aiki Mak 4 ce a hannun yawancin 'yan sanda. Yarana ne suka nuna mini rubutunka, ni nake faɗa suna bugawa.

Da farko Sarkin Baka, ka yi haƙuri, kada kowa ya ɗauki shawarar nan. Taya da igiya abu ɗaya suke gaya maka: ba ta fashe yau ba. Ba su gaya maka abin da ke cin ƙarfen a hankali ba. Maganar salatif kuwa ta fi muni, domin ka sa mutum ya tura harsashi mai rai cikin bindigar da ake zargi, a cikin ɗakinsa, yana danna sakata da ƙarfi. Salatif kuma lotsewa yake yi, ba abin awo ba ne.

To ɗana, gejin da ka saya ba ƙarya ya yi maka ba, amma ba da shi aka ƙera bindigarka ba. Awon 0.067 na 'yan kasuwar Amurka ne, na wanda ke ɗaura sabon bututu a bindigar farauta. Mu abin da aka koya mana, wanda Ingila ta bar mana, geji biyu ne: 0.064 da 0.074. Dole ta rufe a kan na farko. Dole ta ƙi rufewa a kan na biyu. Duk abin da ya faɗa tsakani, bindiga ce mai aiki, a mayar wa mai ita ya tafi fareti. Mak 4 da yawa masu cikakkiyar lafiya za su haɗiye 0.067 ba ka ji komai ba. Saboda haka har yanzu ba ka san ko ratar taka ta wuce ƙa'ida ba. Ka san dai ta fi 0.067, iyakar abin da ka sani ke nan.

Kuma yadda ka auna ma ina da tambaya a kai. Ita wannan bindiga lokacin da kake tura sakata gaba ne take ɗana kanta, sai ka ji sifirin yana turo hannunka. In ka bar shi haka, ba za ka ji lokacin da sakatar ta taɓa gejin ba, da ƙarfin dantse za ka rufe ta. Hannun sakata kuwa yana da ƙarfin da zai murƙushe bambancin da kake nema, har ya ɓata gejin. Ana tabbatar da babu harsashi, a goge mazaunin harsashi da fuskar sakata tsaf, ba mai ba datti. A cire ƙugiyar da ke zaro kwanso, ko a zura leɓen gejin a ƙarƙashinta da hannu. A riƙe kunama a ja don kada sifirin ya sa baki. Sannan a saukar da hannun sakata da yatsa ɗaya. Inda ya tsaya, nan ne amsar. Ba a taimaka masa.

Amma duk wannan ba shi ya sa na ce a buga mini amsa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ka ce sakatar ba tata ba ce.

Juya sakatar ka duba bayanta, kusa da hannu. Za ka ga doguwar ƙashin baya da ta bi tsawonta, ƙarshenta shi ne haƙori na farko. A ɗaya gefen akwai ƙaramin haƙori. Waɗannan biyun su ke shiga su tokare a jikin bindiga, su ke karɓar dukan duk lokacin da harsashi ya tashi. Bindigar Mauser ta Jamus haƙoranta a gaba suke, dab da harsashi. Ita Lee-Enfield a baya suke. A masana'anta kowace sakata sai da aka zauna aka daidaita ta da jikin da za ta zauna, har haƙoran biyu suka kwanta daidai, aka gwada ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na kullum, sannan aka buga mata lambar bindigar. Lambar nan ba ado ba ce. Shi ya sa ranar wanke bindigogi ba mu yarda kurata su zuba sakatu a bokiti ɗaya. In ka kawo baƙuwar sakata, tana iya yiwuwa haƙori ɗaya ne ya taɓa, ɗayan yana lilo. Kamar mutum biyu ne aka ɗora wa buhu, ɗaya ya janye kafaɗa: buhun bai faɗi ba, amma ka san wanda zai kwana da ciwon baya. Geji ba ya ganin wannan. Kana iya murɗa kai mai lamba 3, ta ƙi rufewa a kan kowane geji, ka yi murna, alhali haƙori ɗaya ke ɗauke da komai.

Gwajinsa ba wuya, kai ma za ka iya dubawa ba tare da ka taɓa komai ba. Shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bayan haƙoran biyu, inda suke tokara. Saka kwanson da babu komai a ciki don ya turo sakatar baya, ka rufe ka buɗe kaɗan, ka zaro ka duba. In tawadar ta goge a duka biyun, alhamdu lillahi. In ɗaya ya goge fes ɗayan yana nan baƙi ƙirin, ka mayar da ita akwati. Kuma don Allah kada ka ɗauki magagari ko dutsen wasawa ka ce za ka daidaita da kanka. Taurin ƙarfen wurin a fata yake, in ka cinye shi ka shiga mai laushi, ratar za ta riƙa ƙaruwa da kowane harbi. Wannan aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi, wanda ya saba da irinta.

Injiniya_Columbus

Baba Amora ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni aikin injin yankan ƙarfe nake yi a Ohio, ina da No. 4 guda biyu, ɗaya Long Branch ta Kanada ɗaya Fazakerley ta Ingila, kuma ina sake cika kwansona da kaina. Zan ƙara abu biyu ko uku ta ɓangaren awo.

Bakano, kada ka sayi lamba, ka sayi tsawo. A takarda kawunan suna tashi ne daga wajen inci 0.620 zuwa 0.640, kowace lamba ta ɗara ta ƙasanta kaɗan. A zahiri kuwa shekara tamanin ke nan ana musanya su, wasu an goge musu fuska. Ina da mai lamba 2 a aljihun tebur da ya fi wani mai lamba 3 tsawo, da maikuromita, na'urar auna kaurin ƙarfe, na auna. Duk mai sayarwa da ya kasa gaya maka tsawon kan daga fuska zuwa kafaɗa, ka bar masa kayansa. Su masu lamba 3 ɗin ma sun yi wuya, kuɗinsu ya haura, don kowa irin tunaninka yake yi.

Sannan murɗa sabon kai yana taɓa abubuwa biyu da mutane ke mantawa. In ka murɗa shi har ya tsaya, dole ya zo daidai da doguwar ƙashin bayan nan ko ya ɗan gota ta kaɗan. In bai kai ba, ba zai shiga bindigar ba. In ya gota fiye da digiri 20, zaren murɗin ne zai riƙa shan dukan maimakon kafaɗar. Na biyu, allurar da ke saran idon harsashi a bayan kan take tokarewa, saboda haka sabon kai na iya canza yadda take leƙowa. Ana so ta fito tsakanin inci 0.040 da 0.050. In ta gaza, harsashi ya ƙi tashi. In ta wuce, ta huda idon, iska mai zafi ta biyo ramin allura ta nufo ka.

Inda zan ɗan bambanta da Baba shi ne kan 0.074. Gaskiya ne ita ce iyakar soja, amma soja sau ɗaya yake harba kwanso ya bar shi a ƙasa, kuma kwanson soja na da kauri. Leɓen .303 a ƙa'ida bai wuce 0.064, na kasuwa da nake aunawa a nan kuwa sau da yawa 0.059 nake samu ko 0.060. To lissafa: in ratarka 0.073 ce, ta ci jarrabawar soja, amma akwai wajen 0.014 na fili a bayan harsashi. Ga abin da ke faruwa a wannan ɗan filin. Allura ta doki harsashi ta tura shi gaba har leɓe ya tokare. Albarushi ya kama, matsin ya kai wajen fam 49,000 a kan kowane murabba'in inci in harsashin mai cikakken ƙarfi ne. Gaban kwanson, da yake siriri ne, ya buɗe ya manne da bango. Gindin kuwa mai kauri ne, ba ya mannewa, sai ya ja baya har ya samu fuskar sakata. Tagullar da ke tsakani ita ke miƙewa, a wuri ɗaya, ɗan sama da gindi. Ƙari a kan haka, da yake haƙoran a baya suke, ita kanta sakatar tana ɗan lotsawa ta dawo.

Sabon kwanso yakan jure wannan sau ɗaya. In ka matse shi ya koma asalin girmansa ka sake cikawa, ka sake, wata rana gindin zai fito a hannun ƙugiya, sauran ya maƙale a ciki. Alamarsa wani zobe ne mai haske da ke zagaye kwanson kusa da gindi. Ni nakan miƙe ƙaramar waya in lanƙwasa bakinta, in zura cikin kwanso in karta bango. In na ji ta faɗa wani kwari, kwanson ya tafi shara. Waɗanda suka ƙera bindigar sun san da haka, shi ya sa za ka ga ƙaramin rami a kan sakata da wani a gefen hagu na jikin, don iskar ta samu mafita. Ka tabbata datti bai toshe su ba, kuma ko da wasa kada ka harba ba tabarau na kariya.

A taƙaice ni da zan sake cika kwanso na fi son tawa ta tsaya ƙasa da 0.070. In sabon harsashi kawai za ka riƙa saye kana zubar da kwanson, awon Baba ya ishe ka. Matsewa fiye da kima ma ba alheri ba ce: in ta ƙi rufewa a kan 0.064, wata rana za ka samu harsashi mai kaurin leɓe ka riƙa dukan hannun sakata da tafi.

Hajiya_Mai_Lura (mai kula da zaure)

Tunatarwa ga masu karatu daga gida. Mai tambaya a Amurka yake, inda doka ta ba shi damar mallakar wannan bindiga. A Najeriya dokar makamai ta sa bindigar soja mai harsashi .303 cikin jerin waɗanda aka haramta, ba a riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa, gyaran bindiga ma sai da izini. Duk wanda ya tambayi inda zai samu kayan a gida zan goge rubutunsa. Sarkin Baka, na bar naka ne kawai saboda amsar da Baba ya ba ka ta fi gogewar amfani.

Sarkin_Baka_77

Na ji Hajiya. Baba a gafarce ni, mu da bindigar toka muka saba.

Tsohon_Amora_Kaduna

Ba komai Sarkin Baka. Injiniya, ban ƙi taka ba. Mu ba mu taɓa sake cika kwanso ba, ƙirga su muke yi mu mayar sito, saboda haka wannan ɓangaren kai ne malaminsa. Abu ɗaya zan ƙara wa yaron nan: in ya samu tsohon harsashin soja mai arha, ya sani idonsa na barin gishiri a bututu. Ruwan zafi muke zubawa ta baya a ranar, a busar, sannan a sa mai. In ya kwana biyu bai yi ba, cikin bututun nan da yake yabo zai yi ja.

Bakano_a_Houston

Baba, Injiniya, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka yi.

Na yi gwajin tawadar yadda Baba ya ce. Dogon haƙorin ya goge fes. Ƙaramin kuwa in ban da wani ɗan ɗigo a gefe, kamar ban taɓa rufe sakatar ba. Ban sayi mai lamba 3 ɗin ba. Na nemi wani dattijo mai gyaran bindiga a wajen gari, wanda aka ce mini ya saba da tsofaffin bindigogin soja, na kai masa.

Da gejinsa ya fara. Ta rufe a kan 0.067, ta rufe a kan 0.070, ta tsaya cak a kan 0.074 da sauran tazara kafin hannun ya sauka. Ya ce ta ɓangaren rata ba ta faɗi ba. Da ya shafa nasa shuɗin tawadar a haƙoran sai ya samu abin da na samu. Ya haska cikin jikin da ƙaramar fitila ya duba inda haƙoran ke tokara, ya ce wurin bai lotsa ba, da ya lotsa da sai dai in rataye ta a bango. Yana da akwati cike da sakatun No. 4, ya riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya har ya samu wadda haƙoranta biyu suka kama kusan daidai, ya ƙarasa daidaita ta da kansa. A kanta ya sa kai mai lamba 2, tsawonsa 0.631, nawa mai lamba 1 da ya auna 0.627 ne. Yanzu tana rufewa a kan 0.064, tana ƙin 0.070, allura tana leƙowa 0.045, kan kuma kaɗan ya gota ƙashin bayan. Shi ya fara harba ta a bayan shagonsa, ya kawo mini kwansunan muka duba tare: ba zobe, idon bai turo baya ba. Ya karɓi tsohuwar sakatar ya rage mini a kuɗin aiki, ya kuma rubuta mini awon duka a takarda na ajiye tare da rasit.

Injiniya, saura kai. Kafaɗar kwansunan da aka harba ta matsa gaba sosai in na jera su da sabon harsashi, har ido na gani. Dattijon ya ce haka mazaunin harsashin Lee-Enfield yake, da faɗi aka yi shi saboda laka da ƙura, kuma in zan sake cikawa in matse wuya kawai in bar kafaɗar inda take, in ware kwansunan wannan bindigar daban. Haka kake yi wa naka biyun? Kuma wane kwanso ka ga ya fi kaurin leɓe a cikin waɗanda ake samu a nan?